Ƙungiyoyin Zumuncin Ma'aikata a Wuraren Aiki: Abin da Suke Iyawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsu

Tsakure

Takardar nan ta yi nazarin ƙungiyoyin da ma'aikatan wuri ɗaya ke kafawa bisa wani abu da ya haɗa su, ko launin fata, ko jinsi, ko addini, ko naƙasa, waɗanda shugabannin wurin suka san da zamansu har sukan ba su ɗakin taro da ɗan kuɗin hidima. An bi sawunsu daga kamfanin Xerox na Amurka zuwa rundunar 'yan sandan Landan, aka gwama labarinsu da binciken masana da hukuncin kotu. Abin da ya fito fili shi ne ƙungiyoyin sun ƙware a kan abin da ma'aikaci zai iya ba ɗan'uwansa: labari, jagora, da ƙarfin guiwar zama a bakin aiki. Abin da ke hannun shugabanni kuwa, wato ƙarin girma da albashi da hukunta mai laifi, ba sa iya kawo shi sai in akwai wani babba da aka ɗora wa alhakin aiwatar da abin da suka faɗa.

1.0 Gabatarwa

Ran 2 ga Yuli, 1964, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar 'yancin jama'a ta Amurka, wadda sashenta na bakwai ya haramta nuna wa ma'aikaci bambanci saboda launin fata, ko addini, ko jinsi, ko asali. Mako uku bayan haka, a daren Juma'a 24 ga wata, 'yan sanda suka kama wani matashi baƙar fata a wurin wasan rawa da aka shirya bakin titi a garin Rochester na jihar New York. Kafin gari ya waye unguwar ta yamutse. Aka kwana uku ana tarzoma, aka rasa rayuka, aka kama mutum kusan 1,000, sai da Gwamna Nelson Rockefeller ya turo dakaru sannan ƙura ta lafa.

Rochester kuwa ba garin talauci ba ne. A lokacin nan ne gidan Kodak da Xerox, aiki ga shi nan birjik, sai dai ƙofar ba ta buɗuwa ga baƙaƙen fatan da suka yi ƙaura daga kudancin ƙasar. Joseph Wilson, shugaban Xerox, bai ɗauki abin da wasa ba: ya zauna da jagororin baƙaƙen fata, kamfaninsa ya shiga ɗaukarsu aiki da horar da su. A cikin waɗanda aka ɗauka ɗin ne aka fara samun irin ƙungiyoyin da wannan takarda ke magana a kai. Tambayar da take son amsawa guda ce: me irin wannan ƙungiya ke tsinana wa ma'aikaci da wurin aikinsa, kuma a ina ƙarfinta ke ƙarewa?

2.0 Asali da Yaɗuwa

Shiga kamfani daban, hawa a cikinsa daban. Mai tallan injin kwafar takardu a Xerox da kamasho yake ci, kamashon kuwa ya dogara ne ga yankin da aka yanka masa. Wanda aka ba tsakiyar gari, inda bankuna da ofisoshin lauyoyi suke, ciniki zai riƙa zuwa masa har inda yake zaune. Wanda aka tura unguwar ƙananan shaguna zai yini yana ƙwanƙwasa ƙofa ya dawo hannu rabbana. Ƙarshen shekara a duba alƙaluma a ce na farko haziƙi ne, na biyu bai iya aiki ba. Muddin mutum shi kaɗai ne, yana iya yarda laifinsa ne.

A 1969 baƙaƙen ma'aikatan kamfanin a yankin San Francisco suka haɗa kai. Suna taruwa bayan an tashi aiki, suna koya wa juna dabarun talla, suna kwatanta yankunan da aka ba su. Nan suka gane ashe ba tsautsayin mutum ɗaya ba ne, tsari ne. Suka kai ƙara kotu, shugabannin kamfanin suka zauna da su aka sasanta, aka sake duba rabon yankunan. A 1970 aka kafa ƙungiyar baƙaƙen ma'aikatan Xerox ta ƙasa, wadda galibin marubuta ke lissafawa a matsayin ta farko a irinta. Daga baya kamfanin ya binciki tarihin manyan shugabanninsa, ya tarar kusan dukkansu sun taɓa riƙe muƙamin manajan talla na matakin farko, sai ya tashi haiƙan wajen kai baƙaƙen fata da mata kan wannan kujera. Ursula Burns, wadda ta shiga kamfanin a 1980 tana ɗalibar koyon aiki, ta zama shugabarsa a 2009. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta shugabanci ɗaya daga manyan kamfanoni 500 da mujallar Fortune ke jerawa.

Daga nan tsarin ya bazu: ƙungiyoyin mata, na 'yan asalin Latin Amurka da Asiya, na naƙasassu, na tsofaffin sojoji, na iyaye masu reno, na mabiya addinai. Kafin matsin lambar da ya taso wa kamfanoni a 2024, alƙaluman da aka fi ambata na cewa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗancan manyan kamfanoni suna da su. Bambancinsu da ƙungiyar ƙwadago a fili yake. Ƙungiyar ƙwadago doka ce ta tsaya mata, tana cinikin albashi, tana kiran yajin aiki. Ƙungiyar zumunci da izinin kamfani take zaune, daga aljihunsa take ci, akasari ma akan haɗa ta da wani babban jami'i a matsayin uban ƙungiya.

3.0 Amfaninsu

3.1 Labari da jagora

A kowane ofis akwai ilimin da ba a rubuta shi a littafin ƙa'idojin aiki ba: wane manaja ne ke ɗaga yaransa, wane sashe ne in ka shiga ka maƙale, wane gurbi ne zai buɗu wata mai zuwa. Irin wannan labari wurin cin abinci da wurin hira ake jin sa, kuma mutane da irinsu suke hira. Wanda shi kaɗai ne irinsa a sashe yakan ji labarin gurbi bayan an cike shi. Wannan giɓi ne ƙungiyar zumunci ta fi iya cikewa.

Bincike ya tabbatar da haka. Raymond Friedman da abokan aikinsa, a nazarin da suka buga a 1998 kan manajoji baƙaƙen fata, sun tarar waɗanda kamfaninsu ke da irin wannan ƙungiya sun fi sa ran ci gaba a aikinsu, kuma babban dalili shi ne sun fi samun wani na gaba da su mai yi musu jagora. A 2002 Friedman da Brooks Holtom suka nuna cewa manajoji 'yan tsiraru da suka shiga ƙungiya ba su kai waɗanda ba su shiga ba niyyar ajiye aiki. Ga kamfani wannan kuɗi ne, domin duk ƙwararren da ya tafi sai an kashe dukiya an nemo wani an horar.

3.2 Murya ɗaya

Koken mutum ɗaya ana iya cewa ƙorafi ne ya yi masa yawa. Koken mutum ɗari biyu da suka zo da takardu ba ya karɓar wannan amsa. A Afrilun 1993 wasu samari fararen fata suka kashe Stephen Lawrence, ɗalibi baƙar fata ɗan shekara 18, yana jiran mota a unguwar Eltham ta Landan, 'yan sanda kuma suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi. A 1994 baƙaƙen fata da 'yan Asiya da ke cikin rundunar suka kafa ƙungiyarsu. Da kwamitin Sir William Macpherson mai binciken lamarin ya zauna, wakilan ƙungiyar sun ba da shaida kan abin da ke gudana a cikin rundunar, irin shaidar da ɗan sanda guda ba zai iya bayarwa ya koma ofis washegari lafiya ba. Rahoton da ya fito a Fabrairun 1999 ya ce wariyar launin fata ta shiga jinin tsarin rundunar, ya kuma kawo shawarwari 70.

3.3 Kasuwa da ibada

Kamfanoni ba don Allah kaɗai suke riƙe da waɗannan ƙungiyoyi ba. Ƙungiyar ma'aikata 'yan asalin Latin Amurka ta kamfanin PepsiCo, mai suna Adelante, ta ba da shawara wajen ƙirƙiro soyayyen abin taunawa mai ɗanɗanon miyar fiya irin ta Meziko, ya kuma karɓu a kasuwa. A IBM, shugaban kamfanin Lou Gerstner ya kafa kwamitoci takwas a 1995, kowanne na rukuni guda, har da na maza fararen fata. Kowane kwamiti manyan jami'ai ne ke jagorantarsa, yana da uba daga cikin na kusa da Gerstner, an kuma yanka masa ranar kawo rahoto. Kamar yadda David Thomas na jami'ar Harvard ya rubuta a 2004, sashen da aka buɗe bisa shawararsu don sayar wa ƙananan kamfanonin mata da 'yan tsiraru kaya ya ɗaga cinikinsa daga dala miliyan 10 a 1998 zuwa sama da miliyan 300 a 2001.

A ɓangaren addini, kamfanin Ford, wanda hedikwatarsa ke Dearborn, garin da Larabawa da Musulmi ke da yawa, ya haɗa mabiya addinai daban-daban a ƙungiya guda. Irin wannan zaure ne ke warware ƙananan al'amuran da ke da girma ga mai su: ɗakin salla, wurin alwala, sauya lokacin taro ranar Juma'a, hutun salla ko na wani biki.

4.0 Illolinsu

4.1 Magana ba iko

Nazari mafi nauyi a wannan fage shi ne na Alexandra Kalev da Frank Dobbin da Erin Kelly, wanda aka buga a 2006. Sun bi alƙaluman wuraren aiki 708 na kamfanoni masu zaman kansu a Amurka daga 1971 zuwa 2002, suna duba wane shiri ne ke ƙara yawan mata da baƙaƙen fata a kujerun manajoji. Taron bitar wayar da kai kusan bai kawo komai ba. Shirye-shiryen sada zumunci, inda ƙungiyoyin nan suka faɗo, amfaninsu kaɗan ne: mata fararen fata sun ɗan ƙaru, amma maza baƙaƙen fata raguwa ma suka yi. Abin da ya fi tasiri shi ne naɗa wani jami'i ko kwamiti da za a tambaya idan alƙaluma ba su motsa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan ƙananan ma'aikata suka taru, juna suke gani, wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girma kuwa yana wani bene. Nasarar IBM da ta Xerox ba daga taron kaɗai ta zo ba, ta zo ne daga shugaban da ya karɓi koken ya sauya rabon yanki da rabon kujera. Inda babu irin wannan shugaba, ƙungiya na iya shekara da shekaru tana faɗar gaskiya abu bai sauya ba. A Maris na 2023, kusan shekara 30 da kafa ƙungiyar baƙaƙen 'yan sandan Landan, binciken Baroness Louise Casey ya sake samun rundunar da laifin wariya, ya nuna cewa yiwuwar a tuhumi ɗan sanda baƙar fata da saɓa ƙa'idar aiki ta fi ta farar fata da kashi 81 cikin 100.

4.2 Aikin da ba a biya

A dubi makon shugabar irin wannan ƙungiya idan watan tunawa da tarihin baƙaƙen fata ya kama. Tana da aikinta na akanta da aka ɗauke ta dominsa. Bayan shi, ita ce mai neman baƙon da zai yi jawabi, mai kama ɗakin taro, mai odar abinci, mai duba sanarwar da sashen hulɗa da jama'a zai fitar kada a yi abin kunya. Da yamma wata sabuwar ma'aikaciya ta tsare ta a bakin lif tana hawaye saboda maganar da manajanta ya faɗa mata. Ƙarshen shekara hoton taron ya fito a rahoton kamfani, ita kuma a auna ta da yawan lissafin da ta kammala. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amado Padilla ya bayyana irin wannan nauyi tun 1994, yana kwatanta shi da haraji na musamman da malaman jami'a 'yan tsiraru ke biya. A 2017 Linda Babcock da abokan aikinta suka nuna ta hanyar gwaji cewa idan maza da mata suna tare aka nemi wanda zai ɗauki aikin da ba ya kawo ƙarin girma, mata sun fi maza miƙa kai da kashi 48 cikin 100, kuma su aka fi nema. Wasu kamfanoni sun gane: a 2021 LinkedIn ya sanar da biyan manyan shugabannin ƙungiyoyinsa dala 10,000 a shekara. Akasarin wurare har yanzu da na gode ake sallamar su.

4.3 Wa ke ciki, wa ke waje

Duk ƙungiyar da ta tara wasu ta bar wasu. A 2002 wani ma'aikacin General Motors, John Moranski, ya nemi a yi wa ƙungiyar ma'aikata Kiristoci rajista. Kamfanin yana da ƙungiyoyi tara a lokacin, amma ƙa'idarsa ta hana duk wadda za ta tallata matsayi na addini ko siyasa, don haka aka ƙi. Ya kai ƙara, a Disambar 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ba kamfanin gaskiya, tunda bai amince da ta kowane addini ba. Shari'a ta ƙare, amma tambayar da ya tayar tana nan: wa ke yanke hukuncin wane ɓangare na rayuwar mutum ne ya cancanci ɗakin taro?

Ko a cikin ƙungiyar ma ba a zama ɗaya ba. Taron ƙarfe 12 na rana na masu kujera da kwamfuta ne. Mai aikin dare a masana'anta, da direba, da ɗan kwantiragi ba sa ganin sa. Mace baƙar fata kan tarar ƙungiyar mata ta fararen fata ce, ta baƙaƙen fata kuma maza ne ke jan ragamarta. Sannan ga masu riƙe da iko da ke kallon abin daga nesa suna cewa ba da su ake ba. Wannan ne ya sa a 2017 kamfanin Deloitte ya ce zai rushe ƙungiyoyinsa a Amurka, har da ta mata da ya kafa tun 1993, ya maye gurbinsu da majalisun da kowa zai zauna, don a jawo manyan maza fararen fata cikin maganar. Masu suka sun ce an rufe wurin da ƙaramar ma'aikaciya ke iya buɗe baki ba tare da shugabanta na sauraro ba.

4.4 Zaman aro

A Amurka dokar ƙwadago ta 1935 ta hana kamfani kafa ko juya ƙungiyar da za ta riƙa ciniki da shi kan albashi da sharuɗɗan aiki, kuma hukuncin da aka yanke wa kamfanin Electromation a 1992 ya ƙara tsaurara wannan. Saboda haka lauyoyi kan gargaɗi ƙungiyoyin zumunci su nisanci maganar albashi, alhali sau da yawa nan ne ciwon yake.

Wanda ya ba da ɗaki kuma yana iya karɓe makulli. Bayan kotun ƙolin Amurka ta soke la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i a Yunin 2023, matsin lamba ya koma kan kamfanoni. A 2024 kamfanin John Deere ya taƙaita ƙungiyoyinsa ga horo da jagora da neman ma'aikata, Lowe's ya narkar da nasa cikin inuwa ɗaya. A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin rufe shirye-shiryen daidaito a ma'aikatun tarayya, a Fabrairu kwalejin soja ta West Point ta rushe ƙungiyoyin ɗalibai 12, a Maris kuma hukumar tabbatar da daidaito a ɗaukar aiki ta yi gargaɗin cewa taƙaita shiga ƙungiya ga jinsi ko launi guda na iya saɓa wa sashe na bakwai na dokar 1964.

5.0 Inda Abin Ya Shafi Nijeriya

Tsarin ya iso Nijeriya ta hannun bankuna da kamfanonin ƙetare, akasari da fuskar ƙungiyoyin mata. A 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi a Babban Banki, kwamitin shugabannin bankuna ya amince da burin ba mata kashi 30 cikin 100 na kujerun hukumar daraktoci da kashi 40 na manyan muƙamai, bankuna irin su Access da First Bank kuma suka kafa ƙungiyoyin ma'aikatansu mata. Abin lura shi ne ƙungiyoyin sun zo tare da adadin da ake iya aunawa, wato irin haɗin da binciken Kalev ya nuna yana aiki.

Haɗarin a nan yana wajen ƙabila da addini. A ƙasar da sai da aka rubuta rabon muƙamai tsakanin sassa a sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999, aka kuma kafa hukuma a 1996 don sa ido a kai, ƙungiyar 'yan gari ɗaya a ma'aikata na iya zama mafakar baƙo, tana kuma iya rikiɗewa ta zama hanyar da babba ke jawo nasa. Abin da ke raba biyun shi ne ko 'yan ƙungiyar su ne marasa rinjaye a wurin, ko kuwa su ne ke riƙe da alƙalami.

6.0 Kammalawa

Hujjojin da aka kawo sun nuna ƙungiyar zumunci tana riƙe ma'aikaci a bakin aiki, tana sada shi da jagora, tana mayar da koken mutum ɗaya ya zama bayanin da ba a iya ture shi. Ba ta ba da ƙarin girma, ba ta gyara albashi, kuma ranar da kamfani ya ga dama zai rufe ta. Bisa haka takardar ke ba da shawarwari huɗu. A haɗa kowace ƙungiya da babban jami'in da za a auna aikinsa da abin da ya aiwatar daga kokenta. A biya shugabanninta, ko a rage musu aiki, a kuma sa hidimar cikin takardar auna ƙwazo. A bar ƙofa buɗe ga kowa, a riƙa sa taro lokacin da mai aikin dare da ɗan kwantiragi za su samu. Maganar albashi da ladabtarwa kuma a bar ta ga ƙungiyar ƙwadago da hanyoyin ƙara na hukuma. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya da Nijar suna da aiki a gabansu: su bi alƙaluman ƙarin girma a bankuna da asibitoci da kamfanonin sadarwa na shekaru goma, su kwatanta wuraren da ke da irin waɗannan ƙungiyoyi da waɗanda ba su da su.